Ra'ayinmu: Awa 48, wata 6, kwana 10

Gundumomin Magarya da Dungas ƙasa ce ta yawan jama'a da yawan ciniki. Ƙidayar shekara ta 2012 ta samu mutum sama da dubu 570 a Magarya, sama da dubu 350 a Dungas, wadda sai a 2011 aka ɗaukaka ta ta zama gunduma mai zaman kanta. Ta hanyar Tinkim da Babban Mutum, ko ta hanyar Dungas zuwa kasuwar Maigatari, dabbobi da wake da riɗi da rake suna gangarawa kudu, kayan masarufi suna haurowa arewa, kuma galibin wannan hada-hada bisa yarda ake yin ta, ba takarda ba sa hannu. Inda ake ciniki haka ba a rasa saɓani, inda aka yi saɓani kuwa ba a rasa mai garzayawa barikin jandarma. Saboda haka babu ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati a wannan yanki da zai bugi ƙirji ya ce shi da sammaci har abada.

Abin da muke son faɗa a wannan mako guda ne. A dokar ƙasar nan, haƙƙin wanda ake tuhuma da awoyi da kwanaki da watanni aka auna shi. An yanka wa jandarma lokacin da zai riƙe mutum, an yanka wa alƙali mai bincike lokacin da zai ajiye shi a kaso, an kuma yanka wa wanda aka ɗaure lokacin da zai ce bai yarda ba. Wanda ya san wannan lissafi yana da abin riƙewa ko da ba shi da dala a aljihu. Wanda bai san shi ba kuwa, kome gaskiyarsa, shi ne kazar nan da ta kwana kan dami da yunwa. Rahotannin kare haƙƙin ɗan Adam sun sha nuna cewa fiye da rabin mutanen da ke gidajen kason Nijar ba a yanke masu hukunci ba, jira kawai suke yi. A cikinsu akwai waɗanda da an samu mai ƙirga masu kwanaki, da tuni suna gida.

Inda waɗannan haƙƙoƙi suka fito

Tushen shari'ar laifuka a ƙasarmu dokoki biyu ne da aka kafa shekara guda bayan samun mulkin kai: dokar hukunta laifuka ta 15 ga Yuli 1961, da dokar tsarin bin shari'ar laifuka ta 14 ga Agusta 1961. Ta farko ita ke cewa abu kaza laifi ne, hukuncinsa kaza. Ta biyu ita ke nuna hanyar da za a bi tun daga kamu har zuwa yanke hukunci. Duka biyun daga Faransa aka kwaso tsarinsu, da Faransanci kuma aka rubuta su. Masu shekaru ba su manta ba da zamanin jam'iyya ɗaya da na mulkin soja, lokacin da ake ɗauke mutum cikin dare, iyalinsa su yi wata da watanni ba su san inda yake ba. Babban Taron Ƙasa da ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ya yi Allah wadai da wannan hali, tsarin mulkin 26 ga Disamba 1992 kuma ya rubuta ƙarara cewa duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai kotu ta tabbatar da laifin a zaman da kowa zai iya halarta. Sai dai an ƙara shekara goma kafin gyaran 13 ga Yuni 2003 ya mai da wannan alkawari ya zama lissafin awoyi da watanni.

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya dakatar da tsarin mulkin 2010, amma kotuna ba su rufe ba, kuma alkawuran da Nijar ta ɗauka a gaban duniya suna nan a wuyanta. Tun 1986 ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƴancin farar hula da na siyasa, da kuma yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam. Duka biyun sun tanadi a saurari mutum, a bar shi ya kare kansa, a yi masa shari'a ba da jan lokaci ba. Dokoki dai ana gyara su lokaci lokaci, don haka ranar da magana ta taso, abu na farko shi ne a tambayi magatakardan kotu ko lauya wa'adin da ke aiki a ranar, a rubuta shi.

Laifi iri uku ne

Dokar 1961 ta kasa laifuka kashi uku, kuma sanin kashin da aka sa mutum a ciki shi ne sanin nauyin abin da ke gabansa. Akwai ƙaramin laifi, wanda hukuncinsa bai wuce ɗaurin kwana 30 ba, ko tarar da ba ta kai jika 100 ba. Akwai matsakaicin laifi, wanda ɗaurinsa ya zarce kwana 30 amma bai kai shekara 10 ba. Nan ne sata da damfara da zamba cikin aminci da duka da jin rauni suke, nan ne kuma mafi yawan ƙararrakin da kotun Magarya ke saurare suke. Akwai babban laifi, irin su kisan kai da fyaɗe, wanda hukuncinsa ɗaurin shekara 10 zuwa 30 ne, ko rai da rai, ko kisa, ko da yake tun 1976 ba a sake zartar da hukuncin kisa a Nijar ba. Manyan laifuka, bayan gyaran 2019 da ya soke tsofaffin kotunan da ke zama jefi-jefi, wani sashe na musamman na babbar kotun Damagaram ne ke yi masu shari'a.

Ba a hukunta mutum sai da dokar da ta riga aikinsa. Mutanen wannan yanki sun ga misalin haka da idonsu. Dokar 26 ga Mayu 2015 ta mai da jigilar baƙin haure babban abin tuhuma, aka kama direbobi aka ƙwace motoci a kan hanyar Agadas. A watan Nuwamba 2023 aka soke ta, aka shafe hukunce-hukuncen da aka yanke a ƙarƙashinta. Tambayar farko da ya kamata wanda aka kama ya yi ke nan: wace doka na taka, wace aya ce a cikinta?

Akwai abubuwa uku da ke rikita mutanen bakin iyaka. Na farko, kunnenmu ya saba da rediyoyin Kano da Katsina, har wasu suna ɗauka tsarinmu da na maƙwabta ɗaya ne. A Jigawa da Katsina, tun wajen shekara ta 2000, kotunan shari'ar Musulunci suna hukunta laifuka. A Nijar ana aiki da al'ada da addinin masu ƙara a maganar aure da saki da gado da gona, amma maganar laifi doka ɗaya ce ga kowa. Na biyu, sarakuna da masu gari, bisa dokar 1993 da ta 2015 da ta maye gurbinta, ikonsu na sasanci ne: rikicin gona, ɓarnar dabbobi, bashi, iyakar fili. Ba su da ikon ɗaure mutum ko yanke masa hukuncin laifi. Na uku, bashi ba laifi ba ne. Yarjejeniyar nan ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a ayarta ta 11, ta hana a ɗaure mutum don kawai ya kasa biyan abin da ya ɗauka. Wanda ya karɓi buhu 20 na wake a kan zai biya bayan kasuwa, kasuwa ta faɗi, mai bashi ne. Wanda aka damƙa wa kuɗi amana don ya sayo shanu ya je ya yi aure da su, wannan ya ci amana, doka ta hau kansa. Mai bin bashi yana da hanyarsa a kotu, ta neman umurnin biya da dokokin kasuwanci na OHADA suka tanada. Attajirin da ya fi son ya sa a kulle abokin cinikinsa don ya tsorata, ya sani cewa yana wasa wuƙar da gobe wanda ya fi shi kuɗi zai ɗora masa a wuya.

Ƴan kasuwa su kuma lura da laifin sayen kayan sata. Wanda ya sayi sa ko babur da rabin kuɗinsa, a bayan kasuwa, ba dillali ba shaida, zai sha wuyar shawo kan alƙali cewa bai san inda abin ya fito ba. Araha ba ta ado.

Awa 48

Idan jandarma ko ɗan sanda ya riƙe mutum don bincike, dokar tsarin shari'a ta ba shi awa 48. In bai gama ba, ba shi da ikon ƙara wa kansa lokaci. Sai mai shigar da ƙara na gwamnati ya ba da izni, shi ma awa 48 ne kawai, sau ɗaya. Bayan kwana 4 ke nan, ko a saki mutum ko a kai shi gaban alƙali. Tuhumar ta'addanci ce ke da nata wa'adi mai tsawo, da kotunta ta musamman a Yamai. Saboda haka aikin farko na iyali shi ne su rubuta rana da awar da aka kama ɗan'uwansu, da wurin da aka kai shi. Daga wannan awa ake fara ƙirga kome.

Gyaran farkon shekarun 2000 ya wajabta a sanar da wanda aka tsare cewa yana da ikon ɗaukar lauya daga awa ta 24, in ba a sanar da shi ba binciken ya ɓaci. Daga baya, ƙa'idar da ƙasashen UEMOA suka amince da ita ranar 25 ga Satumba 2014 ta ce lauya yana iya tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi. Gyaran farkon shekarun 2000 ya kuma ce wanda za a kai gaban mai shigar da ƙara a haɗa shi da takardar likita mai shaida cewa ba a taɓa lafiyarsa ba. Nijar ta shiga yarjejeniyar hana azabtarwa a 1998, a 2020 kuma ta mai da azabtarwa laifi mai zaman kansa. Wanda aka doka don ya amsa laifi, ya faɗa wa likita, ya faɗa wa alƙalin farko da ya gani, ya nemi a rubuta. Rauni yana warkewa, takarda kuwa tana nan cikin kundin shari'a.

Abu mafi hatsari a cikin waɗannan awoyi shi ne takardar bayani, wadda ma'aikata ke kira PV. Ana yi wa mutum tambaya da Hausa, ya amsa da Hausa, a rubuta da Faransanci, a miƙo masa ya dangwala yatsa. Tsakanin "na karɓi kuɗin" da "na cinye kuɗin" akwai shekarun ɗauri, kuma kalma ɗaya ce ta raba su. Mutum yana da ikon ya ce a karanta masa abin da aka rubuta cikin harshen da yake ji, ya ce a gyara inda ba haka ya faɗa ba, ya ƙi sa hannu in an ƙi gyarawa. Ƙin sa hannu ba laifi ba ne, rubutawa kawai ake yi cewa ya ƙi. Gaskiya ne a matsakaicin laifi wannan takarda bayani ce kawai ga alƙali, ba ta ɗaure shi ba, haka ma amsa laifi alƙali ne ke auna nauyinsa. Amma duk wanda ya taɓa zama a zauren kotu ya san yadda ake fama kafin a warware abin da yatsa ya ƙulla. Magana zarar bunu ce.

Wata 6

Daga bariki ana kai mutum gaban mai shigar da ƙara. Shekaru da dama, a ƙananan kotuna irin ta Magarya, shugaban kotu shi ke riƙe da aikin tuhuma kuma shi ke yanke hukunci, abin da ya yi kama da a ce mai awo shi ne mai saye. Dokar 1 ga Yuni 2018 kan tsarin kotuna ta tanadi wakilin mai shigar da ƙara a waɗannan kotuna, ci gaba ne da ya kamata a yaba. Wannan jami'i yana iya rufe maganar in ya ga ba ta da tushe. Yana iya tura ta kotu kai tsaye, musamman in an kama mutum dumu-dumu. Yana iya miƙa ta ga alƙali mai bincike, wanda dole ne a babban laifi. A nan ne masu ƙara da yawa ke mamaki: sun sasanta a gida, an mai da kuɗi, mai ƙara ya janye, amma shari'a ba ta tsaya ba. Dalili shi ne tuhuma ta gwamnati ce. Janyewar mai ƙara tana kashe neman diyyarsa, tana iya sassauta hukunci, amma a mafi yawan laifuka ba ta ɗaure hannun mai shigar da ƙara ba.

A zaman farko gaban alƙali mai bincike, dole ne ya faɗa wa mutum abin da ake tuhumarsa da shi, ya sanar da shi cewa yana da ikon ya yi shiru a ranar, yana kuma da ikon zaɓen lauya. In ya ga dalili, sai ya rubuta takardar sakawa kaso kafin shari'a. Kafin 2003 wannan jira yakan zama ba iyaka, har mutum ya share lokacin da ya fi hukuncin laifin da ake zarginsa da shi. Gyaran 2003 ya yanke: a matsakaicin laifi wata 6, ana iya ƙara 6 sau ɗaya da rubutaccen dalili. A babban laifi wata 18, ana iya ƙara abin da bai wuce 12 ba. Ma'aikatan gwamnati su buɗe kunne a nan, domin wannan gyara ya ware wasu laifuka daga iyakar, daga ciki har da kisan kai da sama da faɗi da dukiyar ƙasa. Mai riƙe da akwatin kuɗin magajin gari ko na asibiti, wanda ya saba ba maigidansa kuɗi bisa umurnin baki ba takarda, ya sani ranar bincike sa hannunsa za a gani, ba a ganin muryar maigida.

Wanda ke kaso yana da ikon neman sakin talala a kowane lokaci, da kansa ko ta bakin lauyansa, in an ƙi ya sake nema. Abin da alƙali ke dubawa shi ne ko mutum yana da mazauni sananne, ko zai gudu, ko zai ɓata shaida. A bakin iyaka, inda tafiyar awa ɗaya ke fid da mutum daga ƙasa, tsoron gudu ne ke sa a ƙi, don haka takardar shaidar zama, da rajistar kasuwanci, da mutanen kirki masu tsaya wa mutum suna da nauyi. In an ce a ajiye kuɗin jingina, a ofishin magatakarda ake biya, a karɓi rasit. Kuɗin da aka ba wani a gindin bishiya ba jingina ba ne. In alƙali ya ƙi, ana iya kai kuka kotun ɗaukaka ƙara ta Damagaram, amma wa'adin wannan gajere ne ƙwarai, a ranar ya kamata a yi. Kwanakin da mutum ya yi yana jira kuma ana cire su daga hukuncin da za a yanke masa.

Kwana 10

Ranar shari'a, wanda aka kawo kai tsaye a kan an kama shi dumu-dumu yana da ikon neman jinkiri na aƙalla kwana 3 don ya shirya kare kansa, alƙali kuma dole ya sanar da shi haka. Da yawa suna cewa a yi a gama, don gajiya da kunya, su tsaya ba shaida ba takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya. Zaman kotu a buɗe yake ga jama'a, sai in alƙali ya rufe shi don wani dalili na doka, kamar shari'ar yara, waɗanda ke da alƙalinsu na daban, kuma wanda bai kai shekara 13 ba ba a ɗora masa hukuncin laifi. Nauyin kawo hujja yana kan mai tuhuma. Wanda ba ya jin Faransanci yana da haƙƙin tafinta. Yana da ikon kawo shaidunsa, da yi wa shaidun da aka kawo a kansa tambaya ta hannun alƙali, kuma shi ke da magana ta ƙarshe. In shakka ta rage, shi take amfana.

Hukunci yana iya zama sallama, ko tara, ko ɗauri, ko ɗaurin je-ka-gyara-halinka. Wannan na ƙarshe mutane suna ɗaukarsa kamar an wanke su, su tafi gida ana barka. Hukunci ne cikakke, yana shiga takardar tarihin laifukan mutum, ita ce kuma ake nema ranar ɗaukar aiki ko neman kwangila ko tsayawa takara. Wanda bai yarda da hukunci ba yana da kwana 10 daga ranar da aka yanke shi a gabansa don ya ɗaukaka ƙara. A ofishin magatakardan kotun da ta yi hukuncin ake rubutawa, wanda ke tsare kuma yana iya yi ta hannun shugaban gidan kaso. In shi kaɗai ya ɗaukaka, kotun sama ba ta ƙara masa hukunci, amma in mai shigar da ƙara shi ma ya ɗaukaka, kome na iya faruwa. Kwana 10 ba su da yawa. Kafin dangi su taru daga Waca da Guci da Dogo-Dogo, a yi shawara, a jira babban wa ya dawo daga Kano, a sai da akuya, wa'adi ya cika, ƙofa ta rufe. A fara rubuta ɗaukakawa, shawara ta biyo baya, tun da ana iya janyewa.

Masu cin kasuwar duhu

Lauyoyin ƙasar nan kusan dukkansu a Yamai suke, tafiyar kusan kilomita dubu daga Magarya. Dokar 14 ga Disamba 2011 ta kafa hukumar ba da taimakon shari'a, ANAJJ, don a wayar wa kowa da kai kyauta, a kuma tsaya wa marasa hali da yara da masu fuskantar babban laifi, ko da lauya ko da masu kariya da kotu ke naɗawa. Niyya ce mai kyau, sai dai talakan Malawa ko na Yekuwa bai cika sanin da zamanta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A wannan tsaga ne dillalan shari'a ke rayuwa, masu rantsuwa cewa sun san alƙali, masu karɓar jika 200 "don a duba lamarin". Sau da yawa abin da suke sayarwa abu ne da doka ta riga ta bayar kyauta: awa 48 sun cika an saki mutum, dillali ya ce aikinsa ne. Iyali sun yi asarar gona, an ɓata sunan alƙalin da bai ji ba bai gani ba, kuma mai bayarwar shi ma ya faɗa laifin ba da cin hanci.

Mun san za a ce muna koya wa ɓarayi dabara. Ba mu raina zafin wanda aka kore wa shanu cikin dare ba, ko na wanda yaronsa ya gudu da jarinsa. Amma ɓarawon da ya ƙware ya riga mu sanin waɗannan ayoyi, a kaso ya karance su. Wanda bai sani ba shi ne mai gaskiyar da bai taɓa taka bariki ba. Ban da haka, jami'in da ya wuce wa'adi ko ya sa hannu a jikin wanda ake tuhuma, shi ne ke buɗe wa mai laifi ƙofa, domin binciken da ya saɓa doka ana iya rushe shi gaba ɗaya. Bin ƙa'ida yana kare mai ƙara kamar yadda yake kare wanda aka kai ƙara. In jama'a suka fid da rai ga kotu kuwa, abin da ke biyo baya mun san shi: a yi ihun ɓarawo a kasuwa, a kashe mutum kafin a tambayi sunansa.

Abin da muke nema

Ga mahukunta. Kundin da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. To, a fara gwada wannan magana inda ta fi amfani. A fassara haƙƙoƙin wanda aka tsare da Hausa, da boko da ajami, a liƙa su a bangon kowane bariki da kowace kotu da kowane gidan kaso, a riƙa karanta su a rediyoyin karkara. A horar da tafintoci masu rantsuwa, a biya su albashi, maimakon a jawo duk wanda aka samu a bakin ƙofa. Masu shigar da ƙara su riƙa leƙa ɗakunan tsare mutane ba da sanarwa ba, su duba littafin shiga da fita. A riƙa bin jerin masu jiran shari'a wata wata, duk wanda wa'adinsa ya cika a sake shi ba sai wani ya roƙa ba. A kuma kusantar da taimakon shari'a ga ƙauyukan Magarya da Dungas, domin yankin da ya doshi mutum miliyon guda tun 2012 ya fi ƙarfin a ce sai ya je Damagaram neman shawara.

Ga ƴan kasuwa. Ku rubuta cinikinku ko da layi biyu ne, da shaidu biyu, da kwanan wata. Ku karɓi takardar sayen dabba da ta babur. In sammaci ya zo ku je, da wani mai karatu a tare da ku, domin ƙin zuwa yana sa a yanke hukunci a bayan ido. Ƙungiyoyinku da ke iya tara kuɗin biki da na ta'aziyya suna iya tara kuɗin lauya guda da za su riƙa kira.

Ga ma'aikata, malaman makaranta da na asibiti da na ofisoshin mulki. Da harajin waɗannan talakawa aka koya mana Faransanci. In maƙwabci ya kawo takardar kotu, mu karanta masa ita har ƙarshe, mu nuna masa ranar da wa'adi ke cika, mu raka shi ofishin magatakarda in ta kama. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mai karatu, in ka manta da duk abin da ke wannan shafi, riƙe lambobi uku: awa 48 a bariki, wata 6 a jiran shari'a, kwana 10 na ɗaukaka ƙara. Ka koya wa iyalinka, ka koya wa yaran shagonka. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kare mu da sharrin ƙazafi, ya ba alƙalanmu ikon yin adalci.